Haɗa Direban Waje da Allon Injin CNC

Tambayarka a kan injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, ita ce: "Maigida, na sa motocin NEMA 23 masu amfiya 2.8, amma ƙananan direbobin A4988 da ke kan allon suna zafi har moto ya riƙa tsallake taku. In na sayo DM542, ina zan soka wayoyinsa?"

To yaro, laifin ba na A4988 ba ne, kaya ka ɗora masa da ya fi ƙarfinsa. Amfiya 1 yake ɗauka cikin kwanciyar hankali, da ƙyar ya kai 2 ko da ka sa masa ƙarfen sanyaya da fanka. DM542 kuwa, direban da ake haɗawa a wajen allo, yana kaiwa amfiya 4.2, yana kuma cin wuta daga bolt 20 zuwa 50.

Ka riƙe abu ɗaya a ranka: allo umarni kawai yake bayarwa, direba, wato na'urar da ke ba moto wuta, shi ke ɗaukar nauyi. Saboda haka cire A4988 ɗin duka daga gurbinsu, kuma wutar moto ba ta da abin yi a kan allon yanzu. Allon Arduino Uno mai GRBL, wato manhajar da ke sarrafa injin, yana fitar da bugun taku na X, Y da Z a ƙafa ta 2, 3 da 4, alkibla kuma a 5, 6 da 7. Idan CNC Shield, wato allon da ake ɗorawa a kan Uno, ke kai, akwai jerin ƙafafu a gefe da aka rubuta X.STEP/DIR, daga nan za ka ja. Ƙafar taku ta tafi PUL+ na direban, ta alkibla ta tafi DIR+, sannan ka haɗa PUL- da DIR- ka kai su GND na allon. ENA, wato gurbin kunna direba da kashe shi, ka ƙyale shi tukuna. In ba a haɗa komai a kansa ba direban a kunne yake.

A cikin direban, wannan siginar wata 'yar fitila take kunnawa, haskenta ne ke isar da saƙo. Shi ya sa wutar moto ba ta taɓa allon, shi ya sa kuma ƙarfin siginar ke da muhimmanci. Uno yana ba da bolt 5, ya wadatar. Allo mai ESP32 kuwa 3.3 yake bayarwa, wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci taku ya ɓace ba ka san dalili ba; sa ƙaramin cif 74AHCT125 a tsakani ya ɗaga ta zuwa 5. Wasu sababbin direbobin suna da makunnin zaɓi tsakanin 5V da 24V. In yana kan 24 moto zai ƙame, ba zai motsa ba, kai kuma ka yi ta zargin waya.

Wayoyin moto huɗu ne, koyil biyu. Kada ka yarda da launi, gwada da mita: biyun da suka sa mitar ta yi ƙara koyil ɗaya ne, su tafi A+ da A-, sauran B+ da B-. In ka cakuɗa su, moto zai yi ta karkarwa a wuri ɗaya. Kuma kul ka zare wayar moto alhali wuta na kunne, wutar da koyil ke mayarwa baya tana iya ƙona direba nan take.

Makunnan gefe, a kashe wuta kafin a taɓa su. SW1 zuwa SW3 na amfiya ne, kuma teburin da ke jikin akwatin layi biyu gare shi, Peak (ƙololuwar amfiya) da RMS (matsakaicinta a aikace). Nan mutane ke ruɗewa. Ga moto mai 2.8, fara da RMS 2.36, in ƙarfi ya gaza ka hau 2.69. Moto ya yi ɗumi ba komai, amma in hannu ba ya iya daɗewa a kansa, sauko. SW4 in yana OFF yana rage wuta rabi idan moto na tsaye, ka bar shi haka.

SW5 zuwa SW8 su ke rarraba taku, kuma dole lissafinka ya bi su. Moto mai digiri 1.8 taku 200 yake yi a zagaye ɗaya. Ka zaɓi taku 1600 a zagaye, sukurunka kuma yana tafiyar milimita 8 a zagaye, to $100, wato saitin GRBL na yawan takun X a kowace milimita, ya zama 200. Kada kwaɗayin laushi ya ja ka zuwa 6400: Uno bugu kusan 30,000 yake iya fitarwa a daƙiƙa, sai gudunka ya tsaya a wajen milimita 2,250 a minti. $0, saitin tsawon kowane bugu, ka bar shi a 10, ya fi abin da direban ke buƙata. In X, Y ko Z ya tafi baya, gyara a $3, saitin alkibla, ba sai ka kwance waya ba.

Wutar bolt 36 ta ishe ka. Kowane direba ya ja nasa wayoyin kai tsaye daga na'urar wuta, kada ka jera su ɗaya bayan ɗaya. Wayar sigina ka murɗe ta biyu-biyu, ka nisanta ta da ta injin yanka. Sannan ka gwada X shi kaɗai: umarce shi ya tafi milimita 100, auna da ruwula, ka dawo da shi sifili sau goma ka ga ko yana tsayawa a kan alamarka, kafin ka taɓa Y.