Ƙanena ya daina zuwa karɓar maganin sida saboda gori

Tambaya: Likita, ina wuni. Ni mazauniyar Maradi ce. Ƙanena yana ɗauke da ƙwayar cutar sida, kuma yana shan magani lafiya lau, sai ran nan wata ma'aikaciyar asibiti ta yi masa gori gaban mutane, wai irinsu ƴan luwaɗi su ke jawo wa kansu. Wata uku ke nan bai koma ba. Ya rame, yana tari. Ni ban san gaskiyar zancen ba, kuma ina jin nauyin tambayarsa. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da abin da ba ya jira: tari da rama ga wanda ya ajiye magani wata uku, tarin fuka muke fara zato. Shi ne ciwon da ya fi kashe masu ɗauke da wannan ƙwaya. A kai shi awon majina cikin makon nan, kada a tsaya sayen maganin tari a kasuwa.

Idan mutum ya daina shan maganin, cikin makonni kaɗan ƙwayar ke sake yawaita a jini, garkuwar jiki ta soma zubewa. In ya koma yana haɗiyar ƙwayar maganinsa guda kullum, yawanci kafin wata 6 awo ya daina ganin ƙwayar cutar a jininsa, kuma wanda ya kai wannan matsayi ba ya shafa wa abokin kwanciyarsa. Maganin kyauta ne a Nijar. Ke nan ba kuɗi ne ya zaunar da ƙanenki gida ba, baƙar magana ce.

Mu ma'aikatan lafiya ba mu cika son a faɗi wannan ba, amma wani lokaci mu ke korar marasa lafiya da kanmu. Ba sai an zagi mutum ba. A kira sunansa da ƙarfi a bakin ɗakin da kowa ya san na masu sida ne, ko a bar takardarsa buɗe bisa tebur, ko a ninka safar hannu don kawai za a auna masa hawan jini, duk ya gane abin da ake nufi. Maradi kuwa gari ne da kowa ya san kowa. Wanda ke bayanka a layi wataƙila maƙwabcin rumfarka ne a kasuwa. To in aka ɗora wa namiji zargin neman maza a kan wannan, tsoronsa ya wuce na ciwo. Yana tunanin gidan surukai, da sahun masallaci, da masu sayen kayansa. Shi ya sa za ki ga wani ya hau mota har Katsina ko Yamai don karɓar magani inda ba a san shi ba, ranar da kuɗin mota suka yanke, magani ya yanke. Abin har ya shafi mazan da ba su taɓa wannan harka ba, don wasu na gudun awon jini kada a yi musu irin wannan fassara, matansu kuma na gida ba su san komai ba.

An auna wannan a maƙwabtanmu. Bayan Najeriya ta sa hannu kan dokar haramta auren jinsi a Janairun 2014, wani bincike a Abuja da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa cikin mazan da ke neman maza, masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. Ƙwayar cuta ba ta ragu don an tsorata mutane ba, ɓuya kawai ta yi.

Abin da addini da al'ada suka ce a kan luwaɗi sananne ne, ba ni zan koya miki ba. Amma ɗakin likita ba kotu ba ne. Dokar Nijar kan sida ta 2015 ta wajabta rufa asirin mara lafiya, ta kuma hana nuna masa wariya, don haka ma'aikaciyar nan ta saɓa wa aikinta, kuma kuna da damar kai kuka ga shugaban wurin.

Game da tambayar da kike jin nauyi, ki bar ta. Ba kya buƙatar amsarta kafin ki cece shi. Likitan da zai duba shi ne ke buƙatar gaskiya, a keɓe, saboda akwai ciwon sanyi da ke kama dubura ko maƙogwaro wanda ba a nemansa sai an faɗa. Ki ce masa kawai, "Tashi mu je, ni zan raka ka." In ya ce ba zai sake taka wurin ba, kada ki matsa, yana iya neman a mai da takardarsa wata cibiya. Ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa, RENIP+, tana da mutanen da suka sha irin wannan, suna kuma raka wanda ya yanke magani ya koma. Idan jikinsa ya daidaita, ya roƙi a riƙa ba shi maganin wata 3 ko fiye a lokaci guda, zirga-zirgar ta ragu. Ku tafi da tsohon katinsa ko kwalbar maganin da ta ƙare, don a san irin wanda yake sha.