Amsa ga ƙanena mai son zuwa Jamus karatun kiɗan fim

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya same ni tun makon jiya, sai yau Allah ya ba ni sararin zama. Ka ce shekara huɗu ke nan kana buga fiyano a situdiyo a Kano, kana haɗa wa finafinai sautin bayan fage, yanzu kuma ranka ya biya ka zo Jamus ka karanci tsara kiɗa. Ka haɗa da tambayar da na ga ta fi damunka: wai ka ji ana gardama, wasu na cewa John Williams ne mafi girman mai tsara kiɗa da ke raye, wasu na cewa ai ɗan kiɗan fim ne kawai. Ka nemi kiɗan da ya rubuta don zauren kiɗa, wanda ba na fim ba, ka saurara, ka kasa gane kansa, har ka yi zaton wani mutum ne daban mai suna irin nasa. Tunda ka yarda in amsa a fili don wasu su amfana, to bismilla. Da tambayar kiɗan zan fara, don a cikinta amsar zancen tafiyarka take.

Shi ne dai, ba wani ba. An haifi Williams a 1932, kuma kafin kowa ya san sunansa ya yi shekaru yana bautar sana'ar. Ya koyi tsara kiɗa a Los Anjalas a hannun wani dattijo ɗan Italiya, Mario Castelnuovo-Tedesco. Ya yi aikin sojan sama yana rubuta wa makaɗan soja abin da za su busa. Ya koyi fiyano a Niyok wurin Rosina Lhévinne, sannan ya koma Holiwud yana buga fiyano a cikin kiɗan da wasu suka rubuta, irin su Henry Mancini. Lokacin da kiɗansa na Star Wars ya fita a 1977, ya riga ya ba shekara 40 baya. Ya ci kyautar Oska sau 5, sunansa ya shiga takara sau 54. Har ya tsufa da fensir da takarda yake aiki, zaune gaban fiyano.

Abin da ka saurara ka kasa ganewa, ina kyautata zaton ɗaya ne daga cikin waɗanda ake kira konshato. Ka ɗauke shi kamar zabiya da 'yan amshi: gwani ɗaya a gaba da kayan kiɗansa, okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa ta mutum tamanin ko fiye, a bayansa, suna ba shi yana ba su. Williams ya rubuta irinsu da yawa. Na farko na bayolin, wato gogen Turawa, ya fara shi ne bayan matarsa Barbara Ruick ta rasu ba zato a 1974, kuma da sunanta ya yi shi. Sai a 1981 aka fara kaɗa shi a bainar jama'a. A 1994 ya rubuta wa Yo-Yo Ma na calo, babban gogen nan da ake jingina wa ƙirji, don buɗe sabon zauren kiɗa a Tanglewood da ke Amurka. Akwai na sarewar basun da ya gina a kan itatuwa biyar masu tsarki a tatsuniyoyin mutanen Ayalan, aka kaɗa a Niyok a 1995. Akwai wani da ya rubuta saboda wata bishiya guda ɗaya da yake ƙauna a lambun birnin Bostan. A 2021, yana da shekara 89, ya kawo na biyu na bayolin, wanda ya rubuta wa Bajamushiya Anne-Sophie Mutter.

Dalilin da ya sa bai shige ka ba mai sauƙi ne. A fim, hoto ne ubangida, kiɗa bara ne. Idan jarumi ya shigo, daƙiƙa goma gare ka ka gaya wa mai kallo ko wane ne shi, don haka dole karin ya kama kunne nan take, yaro ma ya iya bin sa da fito. Ka san wannan fiye da ni, aikinka ne. A zaure kuwa babu hoto, babu darekta a tsaye a kanka. Mutum na da minti talatin, yana iya ɗaukar ɗan guntun kari ya juya shi, ya ɓoye shi, ya bar shi ya ɓace sai can gaba ya dawo da shi da wata kama. Williams na zaure mutum ne mai yawan tunani da kaɗaici, yana son sautuka masu gogar juna, ba ya gaggawar faranta maka. Ni ma a sauraron farko ban ji daɗinsa ba. Sai da na zauna da na Mutter ɗin nan kusan sau biyar, sannan na fara jin inda bayolin ke hira da molon Turawa mai tsayi, kamar mutum biyu a soro bayan kowa ya watse.

A watan Oktoba na 2021 ya zo nan Barlin ya jagoranci babbar okestirar birnin, karo na farko a rayuwarsa, kusan shekara biyu bayan ya yi haka a Biyana. Allah ya sa na samu shiga dare ɗaya. Galibin abin da aka kaɗa na fim ne, jama'a kuma suka yi ta miƙewa suna tafi. Amma a tsakiya sai ya sako wani ɗan gajeren kiɗan makoki na calo da okestira, wanda babban mai calo na ƙungiyar ya ja. Zauren ya yi tsit. A nan na ji da kunnena cewa hannu ɗaya ne ya rubuta duka biyun, don yadda ya san inda zai sa kowane ƙaho da kowace tsirkiya bai canza ba.

Raina masu kiɗan fim kuwa tsohon ciwo ne a ƙasashen nan. Mai tsara kiɗa Erich Korngold tun yana yaro Biyana ta sallama masa, manya na cewa ba a taɓa irinsa ba. Da zamanin Hitila ya zaunar da shi a Holiwud ya shiga aikin fim, sai masu sharhi suka juya masa baya. Konshatonsa na bayolin da Jascha Heifetz ya fara kaɗawa a 1947 ya sha ba'a a jaridu. Yau kuwa da wuya ka sami gwanin bayolin da bai iya shi ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka "ɗan fim ne kawai", ka tambaye shi ko ya taɓa zama ya saurari aikin.

To shi ne mafi girma? Ga ra'ayina, kuma nawa ne ni kaɗai. A wajen iya sarrafa okestira da ƙirƙirar karin da ba ya fita daga kai, ban san mai rai da ya kamo ƙafarsa ba. Amma a kiɗan zaure zalla, ban jin ya buɗe wata sabuwar hanya da wasu suka bi. Wanda ya yi wannan a wurina shi ne Arvo Pärt, ɗan Estoniya da aka haifa a 1935. Wani shafi mai suna Bachtrack da ke ƙidayar abin da ake kaɗawa a zaurukan duniya ya nuna cewa daga 2011 zuwa 2018 babu mai rai da aka kaɗa aikinsa kamar Pärt, sai a 2019 Williams ya sha gabansa. Pärt ya yi kusan shekara takwas, daga 1968 zuwa 1976, kusan bai fitar da komai na zaure ba, yana nazarin tsofaffin waƙoƙin coci, sannan ya fito da salo mai ƙarancin sauti kamar ƙarar ƙararrawa daga nesa. Ga abin da zai ba ka sha'awa: shi ma ya yi shekaru yana aikin haɗa sauti a gidan rediyon ƙasarsu, kuma da kiɗan finafinai masu yawa ya ci abinci. Akwai kuma György Kurtág na Hangari, haifaffen 1926, wanda wani kiɗansa bai kai minti ɗaya ba amma ya fi na wasu mai awa guda nauyi. Sai da ya kai shekara 92 aka nuna wasan waƙarsa na farko a Milan, a 2018. Philip Glass kuwa tuƙin tasi da gyaran famfo ya yi a Niyok har ya haura shekara 40 kafin kiɗa ya fara riƙe shi.

Sai mutum ɗaya da nake so ka riƙe sunansa saboda ya shafe ka: Steve Reich, Ba'amurke, haifaffen 1936. A 1970 ya tattara ya tafi Jami'ar Gana da ke Legon, ya durƙusa gaban wani gwanin makaɗin ƙabilar Ewe, Gideon Alorwoyie, yana koyon ganga. Makonni kaɗan ya yi zazzaɓin cizon sauro ya maido shi gida, amma a shekarar da ta biyo ya fitar da dogon aikin ganguna da har yau ake koyar da shi a makarantu. Marigayi Akin Euba na Nijeriya a wannan jami'ar ya yi digirin digirgir a kan gangar dundun ta Yarabawa, ya kuma kwashe rayuwarsa yana sa fiyano ya yi magana irin ta ganga. Kai da ka tashi kana jin kalangu yana kiran sunan mutum da kirarinsa, kana ganin mai algaita yana busa ba ya yanke numfashi, kana da abin da malaman nan ba su da shi. A cikin guntayen aikinka uku da ka turo min ban ji ko ɗaya daga ciki ba. Na ji mutum mai kunne yana ƙoƙarin zama Hans Zimmer, shahararren mai kiɗan fim ɗin nan, da kwamfuta. Irin waɗannan, ɗaruruwa ne ke neman gurbi kowace shekara, kuma sun fi ka kayan aiki.

Yanzu zancen tafiya. Akwai wuraren karatun kiɗan fim na gaske a Jamus: jami'ar fim ta Babelsberg kusa da Barlin, makarantar fim ta Ludwigsburg, da makarantar kiɗa ta Munik. Yawancin makarantun gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai 'yan ɗaruruwan yuro na zango, amma jihar Baden-Württemberg, inda Ludwigsburg take, tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba tun 2017. Kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara a rufaffen asusu, wanda a 2025 ya kai yuro 11,904, ana sakar maka 992 duk wata. Ka buga wannan da naira ka gani. An yarda ɗalibi ya yi aiki na cikakkun kwana 140 a shekara, amma kar ka ɗora lissafinka a kai, don hayar ɗaki a Barlin da Munik tana cinye fiye da rabin abin da ke hannun ɗalibi, samun ɗakin ma wani jihadi ne. Jamusanci kuma dole ne.

Duk wannan ba shi ne babban shingen ba. Jarrabawar shiga ce. Takardar sakandare ko digiri ba ta shigar da kai makarantar kiɗa, kunnenka da hannunka ne. Za a buga maka kari a fiyano a ce ka rubuta shi a takarda mai layi biyar-biyar. Za a miƙo maka rubutun da ba ka taɓa gani ba a ce ka rera. Za ka buga ayyukan magabata a fiyano, ka raba kari guda zuwa muryoyi huɗu, ka gabatar da ayyukanka a rubuce, malamai su zauna su yi maka tambayoyi a kansu. Wani ajin mutum uku ko huɗu kacal ake ɗauka a shekara. Ni a karon farko faɗuwa na yi a wata makaranta a nan, a daidai wurin rubuta abin da kunne ya ji. Na iya buga shi da ka, na kasa sa shi a takarda. Na fito na zauna a tashar jirgin ƙasa na daɗe ban iya tashi ba, ina tuna gonar da aka sayar don in zo. Shekara guda na ƙara ina wanke kwanuka da dare ina karatu da rana, daga baya na shiga fannin haɗa sauti, wanda da shi nake ci da iyalina yau. Ba na so ka bi ta wannan hanyar alhali akwai mai sauƙi.

Ka ce min ba ka iya karanta rubutun kiɗa ba tukuna. To nan za ka fara, kuma a gida, inda shekara ba ta cin yuro dubu goma sha biyu. Makarantar MUSON da ke Onikan a Legas tana koyar da wannan, jami'ar Nsukka tana da tsohon sashen kiɗa, kuma ana zana jarrabawar kiɗa ta ABRSM ta Ingila a Nijeriya, wadda ke tafiya mataki-mataki har takwas. A Kaduna da Jos ma za ka samu masu buga kiɗan coci da suka iya rubutun sosai, kuma za su koya maka idan ka je da ladabi. Ka ba kanka shekara biyu. A cikinsu ka nemi makaɗa masu rai, ko mutum uku ne, mai goge, mai sarewa, mai kalangu, ka rubuta musu abu su kaɗa a gabanka. Ƙahon da ke cikin kwamfuta ba ya gajiya, ba ya neman numfashi, shi ya sa yake ruɗin mai koyo. Ranar da mai sarewa ya sauke ta ya ce maka wannan layin ba ya busuwa, ranar ka fara koyon abin da Williams ya koya a wurin makaɗan soja.

Ka ambata cewa Baba bai san da maganar ba, kana tsoron ya ce roƙo za ka je koyo. Kar ka ɓoye masa, kuma kar ka bari ya ji a bakin wani. Ka samu Kawu ko wani babba da yake jin maganarsa ku je tare, ka nuna masa abin da kake samu a situdiyo yanzu da abin da karatun zai ƙara. Idan ya so, in na kira gida ranar Juma'a sai ka haɗa ni da shi.

Kafin nan ga aiki. Ka koma kan konshaton bayolin na biyun nan, ka saurare shi sau uku a rana daban-daban, da abin kunne, ba ka taɓa waya. Ka rubuto min da Hausa inda ka ji karin farko ya dawo, da kayan kiɗan da ya dawo da shi. Sannan ka ɗauko min sautin wani mai kalangu na minti biyu a wayarka, ka gaya min abin da gangar ke faɗa. Ka gaishe min da Hajiya da su Inna.