Abin Da Ya Sa Hajiya Ta Hana Ka Kiransa Mahaukaci

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce Hajiya ta tsawata maka don ka kira telan layinku mahaukaci, ta ce ka ce taɓi ya samu. Da yamma kuma ka ji liman ya ce majanuni, shi ne kake tambaya me ya raba kalmomin, kuma daga ina ta liman ta fito.

Majanuni aro ce daga Larabci, majnun. Tushenta harafi 3 ne, jimun da nunun biyu, kuma ma'anarsu rufewa ko ɓoyewa. Daga nan aka samu aljani, don ido ba ya ganinsa. Daga nan aka samu Aljanna, lambun da itatuwa suka lulluɓe ƙasarsa. Ɗan tayi ma janin suke ce masa, tunda a ɓoye yake a ciki. Ka lura da kyau, Balarabe bai ce hankalin mutumin ya ƙare ba, cewa ya yi an lulluɓe shi. Ka kuma tuna da wannan kalmar mutanen Makka suka jefi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har Allah ya wanke shi a aya ta 2 ta Suratul Ƙalam. Wanda ya san haka ba ya saurin jifan wani da ita.

Hauka kuwa tamu ce, kuma da ita muke auna duk abin da ya wuce kima: mahaukaciyar guguwa, gudun hauka a titin Bauchi, kuɗi na hauka. Har ƙetare ta yi. Wajen 1925, a yankin Filinge ta Nijar, wasu iskoki suka ɓulla, wanda suka hau sai ya riƙa kwaikwayon sojan Faransa, yana fareti yana kumfar baki. Zabarmawa suka ari kalmarmu suka kira su Hauka. To a kan guguwa ba ta da laifi, amma a kan mutum tambari ce. Ta bi shi wurin neman aure, ta bi 'ya'yansa makaranta. Shi ya sa iyayenmu suka zaɓi taɓi. A tunaninsu na da, iska ce ta taɓa shi ta wuce, shi kuwa yana nan yadda yake.

Telan nan na san abin da kuke gani, domin na taɓa ganin irinsa a Dilimi, wani maƙwabcina. Tsakiyar hunturu, sanyin Jos da ka sani, shi ko riga babu, gumi yake. Kwana 3 kekensa bai tsaya ba, ina jin ƙararsa har asuba. Ya ɗinke kayan mutane, ya farke, ya sake ɗinkewa. Magana kamar an ɓalle famfo, kafin ya ƙarasa wannan ya kama waccan. Ya rabar da jarinsa kaf ga almajirai, yana cewa shi zai tufatar da Filato gaba ɗaya. Yara na binsa da ihu, ni kuwa abin da ba na mantawa shi ne idon mahaifiyarsa a bakin zaure. Bayan 'yan makonni wutar ta mutu, ya shige ɗaki, ko gaisuwa ba ya iya amsawa.

Likitoci na kiran wannan tashin da maniya, kalmar Girkawa ce ta da, kuma ciwo ne mai hawa da sauka da ake riƙe shi da magani. Maƙwabcin nawa an kai shi asibiti, an haɗa da addu'a, barcinsa ya dawo. Da hannunsa ya ɗinka min babbar rigar da na sa ranar sunanka. Saboda shi nake jin zafi duk lokacin da na ji an ce ba a hauka a warke, ko na ga an sa wa marar lafiya mari a ƙafa.

Gobe ka je ka ba Hajiya haƙuri. Ka kori yaran nan daga ƙofar shagon, ka samu yayan telan a keɓe ka tambaye shi kwana nawa ƙanensa ya yi bai yi barci ba. In sun yarda a kai shi asibitin koyarwa, ka kira ni in zo da mota.

Kawunka.