Guguwar Ana ta Fiji, ita ce ta Mozambik?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Taura a Jihar Jigawa, kuma rediyo ba ta barin kunnena. Na taɓa jin guguwar teku mai suna Ana ta yi ɓarna a Fiji, shekara na zagayowa sai na sake jin Ana a Mozambik. Gardama ta kaure a teburin mai shayi, wasu na cewa ita ce dai take kewaya duniya. Haka ne? Sannan me ya sa tamu iskar da ke yaye kwanon ɗaki a farkon damina ba a raɗa mata suna?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Ka koma teburin nan da ƙarfinka, ba ita ba ce. Ana ta Fiji ta taso a Kudancin Tekun Fasifik a watan Janairun 2021, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Wadda ta afka wa Madagaska da Mozambik da Malawi a Janairun 2022 a Tekun Indiya aka haife ta. Tsakaninsu ma an yi wata Ana a Tekun Atlantika, kusa da tsibirin Bamuda, a watan Mayun 2021, kuma tun 2014 wata ta ratsa ta gefen Hawai. Guguwa huɗu ke nan, ba abin da ya haɗa su sai suna. Guguwar teku ba ta shekara. Ruwa mai ɗumi, wajen digiri 26 zuwa sama, shi ne abincinta. Da ta hau tudu ko ta shiga ruwa mai sanyi sai ƙarfinta ya karye.

Tushen rikicin shi ne babu ofis ɗaya da ke raɗa wa duk guguwar duniya suna. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta raba tekuna shiyya-shiyya, kowace shiyya da kwamitinta da jerin sunayenta, kuma ba dole ba ne wannan ya leƙa takardar wancan. Kamar Audu ne: akwai shi a Taura, akwai shi a Ringim, sai an faɗi sunan uba da gari ake gane wanda ake nufi.

Kowace shiyya kuma da al'adarta. A Atlantika jerin sunaye shida ne, kowace shekara da nata, bayan shekara shida a koma na farko, cibiyar da ke Mayami a Amurka ce ke sa sunan. Ka ga ko a teku ɗaya suna na dawowa. Sai guguwa ta yi mummunar ɓarna ake soke sunanta har abada, kamar Katrina ta 2005. A Yammacin Fasifik mambobin kwamitin shiyyar su 14 suka kawo sunaye 140, Japan ke rabawa bi da bi. Arewacin Tekun Indiya kuwa, inda ƙasashe 13 suka haɗa sunaye 169 a 2020, suna ba ya maimaituwa, an kira shi sau ɗaya an gama. A ganina wannan tsarin ya fi sauran hankali.

Amma kada ka kayar da abokan gardamarka gaba ɗaya, akwai inda suke da ɗan gaskiya. Guguwa na iya tsallaka shiyya da sunanta. Freddy, Ostireliya ce ta raɗa mata suna a Fabrairun 2023, ta keta Kudancin Tekun Indiya tun daga gabas har Madagaska, ta shiga Mozambik, ta koma ruwa ta ƙaro ƙarfi, ta sake dawowa ta yi ta'adi a Malawi. Kwana 36 ta yi, kuma ba a taɓa rubuta wadda ta kai ta daɗewa ba. Akwai kuma akasin haka, guguwa ɗaya suna biyu: wadda duniya ta sani da Haiyan a 2013, mutanen Filifin Yolanda suke ce mata, don hukumarsu na da nata jerin.

Saboda haka in an turo maka bidiyo a WhatsApp an ce ga guguwa wance, nemi shekara da teku kafin ka tura wa wani. Tsohon hoto na yawan dawowa da sabon labari idan suna ya zo ɗaya.

Batun tamu iskar, ita hadari ne na tudu, ya taso daga gabas, ya yi awa ɗaya ko biyu ya wuce. Suna sai ga wadda ta dunƙule a kan teku tana juyawa, gudun iskarta ya kai kilomita 63 a awa. Sai dai da dangantaka. Jerin hadarin da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma, musamman a Agusta da Satumba lokacin da gero ke fitar da kai, wani yakan fita ta gaɓar Senegal ya faɗa Atlantika, kuma da yawa daga manyan guguwar da ke dukan Amurka da tsibiran Karebiyan daga nan suke farawa. A can ne masana na Mayami ke ba su suna.