Horo daban, gudun mutum daban

'Yata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, aikin masara ne ya riƙe mu nan Kaltungo ga idon nan nawa ba ya son hasken waya da dare. Kin ce 'yar kawunki ta haihu ba aure, dattawan ikilisiya sun sa ta a horo, a gurup ɗin dangi kuma kowa na cewa wai al'ada ce kada a je barka sai an cire ta, ke kin rasa na yi.

Toh horo mun san shi tun muna 'yan mata. Ba za ta ci jibin Ubangiji ba, ba ta shiga kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan ikilisiya, ta koma bencin baya na wasu watanni har dattawa su ga ta tuba sannan a tsayar da ita gaban jama'a a karɓe ta, shikenan fa. Amma wai kada a kai mata sabulu, kada a dama mata kunun kanwa, kada a ɗauki jaririn, wannan ban gaje shi wurin iyayenmu ba, tsoron bakin mutane ne kawai aka sa masa rigar al'ada. Manzo Bulus da kansa a Littafi Mai Tsarki, 2 Korintiyawa 2, ya ce wanda aka hora horon ya isa, a yafe masa a ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya cinye shi. Shi yaron da ya yi mata cikin fa, wa ya daina gaishe shi? Bari dai in yi shiru.

Ki buɗe Mahukunta 11 ki ga Yefta. Uwarsa karuwa ce, 'yan ubansa suka kore shi saboda gado ya gudu ƙasar Tob, da Ammonawa suka kawo yaƙi sai ga dattawan ƙasarsu Gileyad sun bi shi suna roƙo ya zo ya shugabance su, ya ce ashe ba ku ne kuka ƙi ni ba? Shekara 6 ya yi yana mulkin Isra'ila, sunansa na nan a Ibraniyawa 11 tare da su Dawuda. Maganar kowa ya ce kuwa, 'yan leƙen asiri 12 Musa ya aika Kan'ana, 10 bakinsu ɗaya wai ƙasar ba ta shiguwa, Joshuwa da Kalibu kaɗai suka tsaya har taron ya so jifansu, a cikin sha biyun nan su biyun ne suka shiga ƙasar.

Ni ma na taɓa bin yarima na sha kiɗa, shi ya sa abin ke min zafi. Wata a zumuntar mata irin haka ta same ta, na hango ta a kasuwa da goyo ta ɗago hannu za ta gaishe ni, na juya na kama taya tumatir da ban da niyyar saya. Ba ta sake zuwa sujada ba, daga baya ma ta bar garin, har yau ina ganin hannun nan.

Kada ki yi musu da kowa a gurup, manyanki ne. Ranar Asabar zan shigo motar safe, ki jira ni a tasha nan Gombe mu tafi tare, ki sayi sabulu da turmin zani ɗaya, gero da kanwa ni zan taho da su. In kawunki ya yi faɗa ki bar ni da shi, ni na goye shi.