Me ya sa ba ma ƙera mujiya mu jera a bakin shago?

Ɗana, na ga hotunan da ka turo mini a waya na mujiyoyin ƙarfe da Turawa ke kafawa a lambu da bakin ƙofa. Kana tambaya, tunda ragowar ƙarfe na jibge a bayan shago, me zai hana mu ƙera irinsu mu jera a bakin titi tare da ɗawisu da tantabarun da muke yi. Tunanin cin moriyar ragowar ƙarfen ya yi daidai. Tsuntsun da ka zaɓa ne ba zai fita a Birnin Kebbi ba. In ka ƙera goma, goman za su yi tsatsa a inda ka ajiye su.

Kai ma ka tashi kana jin yadda ake ɗaukar mujiya a nan. In ta sauka kan soro da dare ta yi kuka, tsofaffi su hau salati, a ce mutuwa ta leƙo gidan, ko a ce mayu ne suka aiko ta. Da rana kuwa, da zarar ƙananan tsuntsaye sun hango ta, sai su taru a kanta da tsiwa da sara har ta bar wurin, shi ya sa wanda jama'a suka tsana ake cewa an mayar da shi mujiya. To wane maigida ne zai biya kuɗinsa a manna masa wannan a ƙyaure, inda surukai da maƙwabta ke wucewa safe da yamma? Ko shi bai damu ba, uwargida za ta damu. Ko ita ta haƙura, ranar da yaron maƙwabci ya kwanta zazzaɓi za ka ji abin da unguwa za ta ce, kuma sunan shagon da ya ƙera ba zai ɓace a cikin zancen ba.

Ni dai ban yarda mujiya tana kawo wa kowa mutuwa ba. Camfi ne, kuma ba mu kaɗai muka yi shi ba. Larabawan jahiliyya ma haka suka ɗauke ta, har ya zo a hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa Annabi (SAW) ya kore camfi da tsuntsu, ya kore abin da suke kira hama, wadda malamai da yawa suka fassara da mujiya. Abin da ke tsorata mutane halittarta ce kawai. Idanunta ba sa motsi a gurbinsu, sai dai ta juya kai, kuma tana iya juya shi kusan digiri 270. Gefen gashin fikafikanta yana da laushi, don haka ba ka jin tasowarta sai dai ka ga abu ya gilma. Kukan farar nan mai kwana a rufin tsofaffin gine-gine kuwa kamar ihun mutum yake. Amma duk ɓera take nema.

Su waɗanda ka ga hotunansu gadonsu daban ne. A tsohuwar Girka mujiya tsuntsuwar Atina ce, wadda suka ɗauka gunkiyar hikima, har birnin Atens ya buga ta a kuɗin azurfarsa sama da shekara 2,400 da suka wuce. Yanzu ma tana jikin kwabbar yuro ɗaya ta Girka tun 2002. Bature in ya kafa ta a lambu cewa yake yi shi mai son ilimi ne. A nan ba haka za a karanta ta ba, kuma mai kallo ake yi wa ado.

In wani ya zo da kansa ya ce mujiya yake so, wataƙila malamin jami'a ko mai otal, ba za mu kore shi ba. Ka karɓi fiye da rabin kuɗin kafin ka taɓa ƙarfe, don in ya fasa ba mai saye. Ka ba shi shawara a sa ta can cikin lambu. Kuma ka yi ta shafaffiya, yankan farantin ƙarfe, ban da mai cikakken jiki. Wannan ba mujiya kaɗai ya shafa ba. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan surar mai rai wadda aka yi ta cikakkiya tana tsaye da inuwarta, sun sassauta a kan shafaffen zane, shi ya sa duk tsuntsayen shagon nan shafaffu ne.

Akwai masu zuwa neman ta don wata buƙata: manoman shinkafa na fadamar Argungu da Suru, waɗanda jan baki ke hana barci. Sun ji an ce mujiyar roba tana korar tsuntsu. Ka gaya musu gaskiya, kwana kaɗan take yi tsuntsaye su gane ba ta motsi, har su riƙa sauka a kanta. Sai ana sauya mata wuri kullum, kuma ko da haka garken jan baki ya fi ƙarfinta, raga da yara masu kaɗa gwangwani sun fi ta aiki. Mai rai ce ke da amfani a gona. A Malesiya akwatuna ake kafa mata kan dogayen sanduna a gonakin shinkafa da na kwakwar manja don ta zauna ta rage ɓera.

Ragowar ƙarfen nan, gauraka za ka yi da shi, da shamuwa. Shamuwa kowa na murna da ita, don zuwanta ke nuna damina ta ƙarato, ba a kuma taɓa sheƙarta ko a tsakiyar gari ta yi. Gauraka kuwa tukkunta kaɗai ya isa ado.

Ka fara zana tsuntsuwar a kwali da alli, ka yanke, sannan ka ɗora kan farantin. In na ƙyaure mai ɓari biyu ne, kwali ɗaya za ka yi amfani da shi, ka kifa shi don na biyun, tsuntsayen su fuskanci juna in an rufe. Faranti mai kaurin milimita ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. Wanda ya fi haka nauyi ne kawai, shi ke sa ƙyaure ya sunkuya ya riƙa jan ƙasa. Ka rage wutar inji, ka yi ɗige-ɗige ta baya, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. In ka ja walda a miƙe farantin zai huje ko ya lanƙwashe, ba gudumar da za ta mayar da shi yadda yake. Tukkun gauraka siririyar waya ce, ka yanka tsawonsu ɗaya, ka haɗa gindinsu wuri guda, ka baza kawunan, sannan ka murɗe bakin kowace don kada ta soki yaro. Ƙafafun shamuwar lambu rodi mai milimita goma ne, ka bar taƙi biyu da zai shiga ƙasa, ka shafe shi da kwalta. Sauran jiki ka goge tsatsa tas, jan fenti ya fara hawa ya bushe, kafin fari da baƙi. Yaran yanzu nan suke tsallakewa, damina ɗaya fentin ya ɓare.

In mai gidan yana son wurin shan ruwan tsuntsaye a gefen shamuwar, ƙafar kawai za mu ƙera, mai zobe a sama. Mazubin kaskon yumɓu za a saya wurin masu tukwane, don kwanon ƙarfe a zafin ranar Afrilu ta Kebbi dafa ruwan yake yi. Ka ce masa a riƙa zubarwa ana sake sabo duk bayan kwana biyu saboda sauro. Gobe ka kawo mini kwalin gaurakar in duba wuyanta kafin ka kunna inji.