Me ya sa dawowa ta fi zuwa sauri?

Jiya ka tare ni da takarda a hannu kana cewa: "Maigida, nisan Landan zuwa New York ai bai canza ba, yaya aka yi tikiti ya nuna kusan awa takwas a zuwa, awa bakwai a dawowa?" Na ga har ka yi lissafinka, ka raba kilomita 5,540 da gudun jirgi, wajen 900 a awa, ka samu awa shida da 'yan mintuna. Lissafinka bai ɓaci ba, ɗana. Ka dai manta ne cewa jirgi ba kan kwalta yake gudu ba.

Cikin iska yake tafiya, ita kuma iskar ba a tsaye take ba. A can sama, tsayin kilomita 10 zuwa 12 inda jiragen fasinja ke shawagi, akwai wani kogin iska mai kwarara daga yamma zuwa gabas, wanda da hunturu kan wuce kilomita 200 a awa. Ka tuna mai kwalekwale: wanda ya bi ruwa da wanda ya tunkari ruwa, ƙarfin tuƙi ɗaya, amma ba za su isa lokaci ɗaya ba. Mai zuwa New York yana tunkarar iskar ne, mai dawowa ita ke turo shi. A Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa, wani jirgi ƙirar Boeing 747 na kamfanin British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Injinsa bai ƙara komai ba, iska ce ta goya shi.

Shi ya sa hanyoyin ƙetare Tekun Atlantika kullum sake tsara su ake yi bisa yadda iska ta kwana. Mai zuwa yamma yakan kauce mata ko da hanyar ta ɗan ƙara tsawo. Kuma kada taswirar bango ta ruɗe ka. Samo ƙwallon duniya, ka miƙa zare tsakanin biranen biyu, za ka ga ya lanƙwasa arewa, ta kan Ailan da gefen Kanada. Wannan ce gajeriyar hanyar.

Sannan lokacin da ke kan tikiti ba na sama kaɗai ba ne. Daga sa'ad da aka tura jirgi baya daga ƙofar shiga ake fara ƙirgawa, har ya tsaya a ƙofar can. Layin jiran tashi a filin jirgin Heathrow na Landan ko JFK na New York kaɗai kan ci minti ashirin.

Inda na fi so ka buɗe ido shi ne agogo. Kowane lokaci a tikiti na garin ne, kuma Landan na gaban New York da awa biyar. In ka ga tashi daga Landan ƙarfe 10 na safe, sauka New York ƙarfe 1 na rana, awa takwas ke nan. Ina sabon shiga na taɓa gaya wa wata dattijuwa awa uku ce tafiyar, ta bar maganinta cikin babban akwati. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. A watan Maris ma ka ƙara lura, Amurka na riga Ingila tura agogo gaba da awa ɗaya, kamar yadda suke yi duk shekara, sai tazarar ta koma awa huɗu na 'yan makonni.